Ƙaurar Sarkin Musulmi Bello daga Sakkwato zuwa Wurno

Wanda duk ya je ziyara Hubbaren Shehu a Sakkwato, ya gai da kabarin Mujaddadi da na waɗanda ke kwance kusa da shi daga cikin 'ya'yansa da jikokinsa, in ya tambayi inda aka sa Muhammadu Bello, sai a nuna masa hanyar arewa maso gabas, a ce ya bi gefen Gulbin Rima tafiyar kimanin mil 20 har ya isa Wurno. Wannan kuwa abin a tsaya a yi tunani ne, domin Bello shi ne ya zaɓi wurin da Sakkwato take, shi ya fara gina ta a shekarar 1809, shi ya kewaye ta da ganuwa, shi ne kuma ya shirya wa mahaifinsa mazauni a cikinta har Shehu ya taso daga Sifawa ya tare a 1815. A nan Shehu ya cika a 1817, a nan kuma aka yi wa Bello mubaya'a ya zama Amirul Muminina. Duk da haka, da mulki ya zauna a hannunsa, sai ya bar birnin da ya kafa, ya koma wani ƙaramin gari a bakin iyakar abokan gaba, ya mai da shi mazauninsa, har ajali ya riske shi a can. Ba korarsa aka yi ba, ba kuma annoba ce ta tashe shi ba. Shawara ce ya yanke bayan ya auna maslaha da mafsada, kamar yadda malamin fiƙihu yakan auna mas'ala, kuma da yake mutum ne mai alƙalami, ya bar mana rubuce-rubucen da suka isa mu gane abin da ya ɗora a kan ma'auni.

Kafin a fahimci wannan ƙaura, wajibi ne a tuna cewa jama'ar Shehu ba 'yan birni ba ne tun asali. Degel, inda Shehu ya zauna yana karantarwa shekaru masu yawa, zango ne na malamai da almajirai da makiyaya, kuma sananne ne cewa ya daɗe yana nisantar fadar Gobir, ba ya zuwa sai da dalili, ba ya kuma karɓar dukiyar sarakuna. Da aka yi hijira zuwa Gudu a farkon 1804, sai jama'a ta shiga shekarun yawo daga sansani zuwa sansani, cikin yunwa da cuta, da nasarar Tabkin Kwatto, da musibar Tsuntsuwa da ta Alwasa, har Allah Ya ba su Alƙalawa a 1808. A idon waɗannan mutane birni shi ne gidan alfarma da kaɗe-kaɗe, da harajin da shari'a ba ta san shi ba, da toshiyar baki a gaban alƙali. Sai ga shi nasara ta danƙa musu biranen nan da duk abin da ke cikinsu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya riga kowa hango haɗarin, domin tun kafin a ci Alƙalawa, a 1807, ya rabu da runduna ya nufi gabas da niyyar Makka, saboda abin da ya gani a cikin 'yan'uwansa na son dawakai da tufafi da ƙwaraƙwarai da muƙamai. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo, kukansa kuwa yana nan a cikin Tazyinul Waraƙati ga mai son ya karanta. Bello ya ga abin da baffansa ya gani, amma shi da nauyin jama'a ya hau wuyansa ba shi da damar ya ɗauki buta da sanda ya kama hanya.

Kada kuma a ɗauka tsoron fitinar birni kaɗai ya tashe shi, gama akwai dalili na biyu wanda ya fi wancan gaggawa, shi ne tsaro. Shehu bai daɗe da rasuwa ba ƙasa ta yamutse: Abdussalami, wanda yana cikin manyan almajiran Shehu na farko, ya yi tawaye a Kware, a ƙofar Sakkwato, sai da aka gwabza yaƙi kafin al'amarinsa ya ƙare a farkon 1818, Gobirawan da aka kora daga Alƙalawa suka sake haɗa kai, Zamfarawa da Kabawa suka yi ta tayarwa, zuriyar sarakunan Katsina na dā suka kafu a Maraɗi, Azbinawa kuwa yau suna tare da kai, gobe suna tare da maƙiyinka, gwargwadon inda makiyaya da riba suke. Kwarin Rima, wanda shi ne rumbun abincin Sakkwato, shi ne kuma hanyar da mahara ke bi su gangaro da rani, su ƙone ƙauyuka, su kore shanu, su kama mutane, su juya tun labari bai kai fada ba. Daular kuwa ba ta da soja na dindindin masu albashi. Rundunarta manoma ne da makiyaya da malamai da bayin manya, waɗanda sai an aika an kira su, in damina ta faɗi hankalin kowa ya koma gona, in rani ya tsananta Bafillace ya bi shanunsa inda ruwa yake. Sarkin da ke zaune a tsakiyar birni yakan ji labarin hari ne bayan an gama shi.

Maganin da Bello ya kawo ba shi ya ƙago shi ba, a cikin littattafai ya tarar da shi, shi ne ribaɗi, watau Musulmi su zauna a bakin iyaka da niyyar tsaron jama'a don neman yardar Allah. Ayar ƙarshe ta Suratu Ali Imrana ta yi umurni da shi, hadisai ingantattu kuma sun fifita ɗan lokaci kaɗan a cikinsa a kan nafila mai yawa, sun yi wa wanda ya mutu a kansa bushara da ladan da ba ya yankewa; Musulmin farko kuwa sun jera irin waɗannan gine-gine a gaɓar tekun Ifriƙiyya, har yau na Susa da na Munastir suna nan tsaye a ƙasar Tunisiya. Bello ya tattara wannan ilmi a littafinsa Arribaɗu wal Hirasa. Akwai wata mas'ala da malamai suka yi saɓani a kanta tun dā, wadda ta shafi maganarmu ƙwarai: shin wanda ya kwashi iyalinsa ya tare a garin iyaka, ya yi gida da gona, yana da ladan mai ribaɗi, ko kuwa ladan na wanda ya baro gidansa ne ya je ya yi kwanaki ya komo? Waɗansu suka ce mazaunin gari gidansa yake tsaro, ba shi cikin wannan falala. Waɗansu suka ce niyya ce abin lura, kuma iyaka ba ta tsaruwa da baƙi masu zuwa suna komawa. Aikin Bello ya nuna ɓangaren da ya bi, domin ribaɗinsa gari ne sosai, da mata da yara, da masallacin Juma'a da kasuwa da marina.

Inda tunaninsa ya fi fitowa fili shi ne a amsar da ya aika wa Muhammadu Jailani, malamin nan da ya ja ragamar jihadi a cikin Azbinawan ƙasar Adar, wanda ya nemi shawararsa game da mutanensa masu yawo da dabbobi. Bello bai ɓoye masa cewa akwai hadisan da suka yabi wanda ya gudu da addininsa zuwa daji da 'yan tumakinsa a zamanin fitina ba. Ya kawo su, ya ba su haƙƙinsu, sa'an nan ya nuna cewa wannan rangwame ne na lokacin larura, asalin al'amari kuwa zaman gari ne, domin shari'a ba ta tsayuwa da ƙafafunta sai inda mutane suka taru. Wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya ya san dalili: Juma'a ba ta inganta sai a wurin da aka zauna da niyyar dawwama, da masallaci ginanne, da mutum 12 ban da liman, mai ruga ba shi da Juma'a, ba shi da alƙalin da zai raba masa gado, ba shi da malamin da zai zaunar da ɗansa har ya sauke Alƙur'ani, matarsa kuma tana iya tsufa ba ta san hukuncin tsarki ba. Saboda haka ya shawarci Jailani ya gina musu garuruwa, ya sa musu limamai da alƙalai da masu karantarwa, kamar yadda shi kansa yake yi da Fulanin ƙasarsa, waɗanda ya yi ta jawo su su zauna, su koyi noma, su rage garken shanu, su ƙara kiwon dawakai da raƙuma da tumaki da awaki. To, idan aka haɗa wannan wasiƙa da kukan Malam Abdullahi, sai a ga Bello yana tsaye ne tsakanin tsoro biyu, na babban birni mai ɓata zuciya, da na daji mai barin mutum cikin jahilci. Ƙaramin gari mai ganuwa, inda liman ya san wanda bai fito Asuba ba, inda kuma haɗari bai yi nisan da za a shagala ba, shi ne matsakaicin da ya zaɓa.

Bai faɗa Wurno kai tsaye ba. Da Kyaftin Clapperton, Baturen Ingila da mutanen ƙasar suka sani da suna Abdullahi, ya zo Sakkwato karo na biyu a 1826, ya tarar Bello yana yawan zama a Magariya, wani sabon gari da yake ginawa a gefen fadama. Baransa Lander kuma ya ba da labari cewa ciwon da ya zama ajalin Clapperton a Sakkwato a watan Afrilu na 1827 ya faro ne daga kwanciya a kan danshin ƙasar Magariya bayan ya gaji da farauta. Ba da daɗewa ba bayan wannan Bello ya tsai da zaɓinsa a kan Wurno, kuma wanda ya ga wurin ya san da hankali aka zaɓe shi: tudu ne na dutse da ya leƙo kan kwarin Rima, mai tsaro yana hango ƙurar dawakai tun daga nesa, ambaliya ba ta hawansa, ga fadama shimfiɗe a ƙarƙashinsa, ta ba da shinkafa da damina, ta ba da kayan lambu da rani, ta ba doki ciyawa duk shekara. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, bai tafi daga shi sai carbi da takobi ba. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya riga ya bayyana cewa yana cikin wajiban shugaba ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa da masu magani, ya rarraba su cikin garuruwa gwargwadon bukata, ya gina ganuwa, ya raya kasuwa, ya gyara hanya. Abin da ya faɗa wa Ummaru shi ya aikata a Wurno. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya bi shi, da matarsa Nana Asma'u, 'yar'uwar Bello, da malamai da marubuta da littattafansu, har ƙaramin garin ya zama wurin da ake kwafar littafi, ana amsa wasiƙun sarakuna daga Kano da Bauci da Adamawa.

Ya kuma ɗora wa danginsa abin da ya ɗora wa kansa, wannan kuwa shi ne abin da na fi ganin girmansa a cikin al'amarin duka, domin abu ne mai sauƙi shugaba ya tura 'ya'yan talakawa bakin daga ya ajiye nasa a inuwa. Garuruwan da ke kewaye da Sakkwato, waɗanda yau muke jin sunayensu a matsayin gundumomi, da yawansu a hannun 'ya'yan Shehu da jikokinsa suka tashi: Kware ta koma hannun Isa autan Shehu, Ahmadu Rufa'i ya riƙe Silame, Buhari ya riƙe Tambuwal, Aliyu Babba ya yi zama a Shinaka, Aliyu Ƙarami a Isa, Abubakar a Raba. A Kano ma Sarki Ibrahim Dabo ya riƙa zama a Fanisau yana fuskantar abokin gabarsa Ɗantunku, a can ne Clapperton ya same shi a 1824. Amfanin wannan tsari ya bayyana a 1836, sa'ad da Bello ya fita ya gamu da taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa a Gawakuke, aka yi yaƙin da Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka faɗi a cikinsa, nasarar da Nana Asma'u ta yi wa waƙa. Shekara guda bayan haka, a watan Rajab na 1253, wanda ya yi daidai da Oktoban 1837, Bello ya rasu a Wurno yana da shekara kimanin 56, aka binne shi a inda ya yi ribaɗi, Allah Ya jiƙansa da rahama.

Ga alherin ke nan. Saura a faɗi abin da ƙaurar ta ci, da waɗanda suka biya. Ba kowa ne ya tare a ribaɗi da zaɓinsa ba. Malami ko ɗan sarki da ya tafi yana da niyyarsa da ladan da yake fata, amma garuruwan nan da gandayen da ke kewaye da su an cika su da bayi da kamammun yaƙi, na kusa da na nesa, waɗanda aka raba da garuruwansu aka dasa su a bakin iyaka, wani lokaci ma suna fuskantar 'yan'uwansu na jini a cikin rundunar da ke kawo hari. Su ne suka kwaɓa ƙasar ganuwa, su ne ke duƙe a gona sa'ad da dawakai suka ɓullo, tarihin da malamai suka rubuta kuwa bai kula da sunayensu ba, kuma ba ya halatta mu da muke karanta shi yau mu ƙara musu mantuwa a kan mantuwa. Bafillacen da aka ce ya rage shanu shi ma ba ƙaramin abu aka nema a wurinsa ba, domin saniya a gare shi ita ce sadakinsa da gadonsa da mutuncinsa a cikin dangi. Waɗansu suka zauna, jikokinsu suka rikiɗe Hausawa a harshe da ɗabi'a, waɗansu kuwa suka ƙi, suka ci gaba da yawonsu. Ilmin ma da aka ce zaman gari zai kawo bai isa ko'ina ba. Da ya isa, da Nana Asma'u ba ta bukaci kafa tsarin 'yan taru ba, tana zaɓen dattijan mata amintattu, ta sa wa kowacce malfa a kira ta jaji, su jagoranci matan ƙauyuka zuwa wurinta, su koma gida da waƙoƙin Hausa da na Fulatanci masu koyar da tauhidi da tsarki da salla. Wannan aiki nata, wanda ya bunƙasa bayan rasuwar ɗan'uwanta, shaida ne cewa gina masallaci a ƙauye ya fi samun wanda zai zauna ya karantar a cikinsa sauƙi.

Sa'an nan daular ta wayi gari da kai biyu. Sakkwato ba ta mutu ba, ba ta ma yi kusa ba, domin Hubbare na cikinta, manyan malamai da attajirai suna cikinta, da dukawa masu aikin jar fatar nan da ayari ke ƙetare hamada da ita; fatake kuwa kasuwa suke bi, ba sarki ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, haka kuwa aka yi: Wurno ta sami fada, Sakkwato ta riƙe ciniki da albarkar Shehu ta ci gaba da harkarta, waziri da manyan fada suka zama masu gida biyu, suna kai da kawowa a kan hanya. Dokta Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarimu, ya sauka Wurno a 1853 a zamanin Aliyu Babba ɗan Bello, ya yi fiye da wata guda, ya sake biyowa a 1854 a kan hanyarsa ta dawowa daga Tambutu, ya yi jiyyar atuni a can. Ya ƙiyasta mutanen Wurno tsakanin 12,000 da 13,000, na Sakkwato kuwa sama da 20,000; ya ga gari a cushe, tsabta ta yi ƙaranci, kasuwa ba ta kai ta Sakkwato ba, mutane kuma kullum kunnensu na kan labarin Gobirawa, ga Kabi ta ɓalle tun 1849 a ƙarƙashin Yakubu Nabame. Ana iya cewa baƙo ne mai kallon abu da idon ƙasarsu, kuma gaskiya ne. Amma cushewa da zaman ɗar-ɗar ba ƙagensa ba ne, su ne halin kowane gari da jama'a ta fi ganuwarsa yawa, alhali babu mai ƙarfin halin da zai kwana a bayanta.

Abin da ya fi nauyi a ganina shi ne, abin da aka guda ya biyo baya. Sarki ba ya ƙaura shi kaɗai: inda ya sauka nan gaisuwar sarakunan gabas za ta sauka, da dawakai da riguna da bayi, nan masu neman sarauta za su yi zarya, nan maroƙa da 'yan kanzagi za su tare. Muddin Bello na da rai, ilminsa da zuhudunsa sun riƙe garin a kan niyyar farko, gama an ruwaito cewa ba ya ci daga baitulmali, daga abin da ya nema da hannunsa yake ciyar da kansa. Amma niyya ba a gadonta kamar yadda ake gadon gida da gona. Sannu a hankali ribaɗi ya zama rabon zuriya, kowane gida da nasa: 'ya'yan Bello suka riƙe Wurno, Ahmadu ɗan Atiku, ɗan'uwan Bello, da ya hau a 1859 ya zauna a nasa ribaɗin na Cimmola, har ya zama in an yi sabon Sarkin Musulmi sai a jira a ji inda zai zauna. Zuwa zamanin Umaru ɗan Aliyu Babba, wanda Joseph Thomson ya same shi a Wurno a 1885 yana neman yarjejeniya a madadin kamfanin Turawan Ingila da ke ciniki a Kogin Kwara, garin ya riga ya zama fada kamar kowace fada, ta yadda Abdurrahman, wanda ya hau a 1891 ya rasu a 1902, ko da yake ɗan gidan Atiku ne, a Wurno ya zauna. Wurno ta ɗauki ɗabi'un birni da nauyinsa, alhali ƙarfinta na ƙaramin gari ne, kuma talakan da ke noma fadamarta shi ke ciyar da baƙin da ba domin tsaronsa suka zo ba.

Da Turawa suka zo, a filin Giginya na bayan Sakkwato aka tare su ranar 15 ga Maris 1903, domin ta kudu suka ɓullo, ta inda ba a gina Wurno dominsa ba. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Sabuwar hukuma ta tsai da sarauta a Sakkwato, iyakar da aka ja tsakanin Ingila da Faransa ta bar Maraɗi da Tsibiri a wancan gefe, hare-haren rani suka ƙare, dalilin ribaɗi ya faɗi. Mutane suka fara fita bayan gari suna kafa tunga kusa da gonakinsu, bayi da yawa suka watse, ganuwa ta yi ta zubewa babu mai yaɓe, Wurno kuwa ta koma gunduma a ƙarƙashin Sarkin Sudan. A nan ne hangen Bello ya tabbata ta fuskar da ba ita ya sa gaba ba. Alƙalawa, wadda ta yi zamani tana birnin sarauta, da sarautar ta tashi sai ta zama kufai. Wurno kuwa da fada ta tashi ita ba ta tashi ba, domin ruwan da aka duba kafin a aza tubali yana nan, manoman da aka zaunar suna nan, sana'ar da aka dasa ta yi saiwa, har garin ya yi suna da shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa, ga masu ziyarar kabarin Bello ba sa yankewa. Raba, wadda ta fi ta ƙanƙanta, ita ta haifi Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, jikan Abubakar na Raba, tattaɓa-kunnen mai ribaɗin.

Yau kwarin Rima ya sake zama hanyar mahara, ko da yake waɗannan ba su da tuta, ba su da sarkin da za a aika wa wasiƙa. Sunayen da ake ji a labaran rediyo, Isa da Sabon Birni da Goronyo da Raba da Gandi, su ne sunayen da ke cikin tarihin waccan iyaka. A daminar 2018 mutanen ƙauyukan ƙasar Raba da aka kai wa hari suka taru a Gandi, wadda tana cikin garuruwan da aka kafa domin irin wannan rana. A Oktoban 2021 kuma aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo aka kashe bayin Allah masu yawa. Wanda ke ba ma'aikaci ko malami ko ɗan kasuwa shawara ya bar cunkoson birni ya koma ƙaramin gari, saboda arahar muhalli da abinci, da sanin juna, da tarbiyyar yara, gaskiya ya faɗa, dalilansa ma ba su yi nisa da na Bello ba. Sai dai Bello, da ya nemi mutane su tare a bakin iyaka, shi ya fara tarewa, ya tafi da waziri da alƙali da maƙeri da mayaƙi, ya kuma sa 'ya'yansa a garuruwan da suka fi nasa haɗari. Yanzu kuwa likita da malamin makaranta da ake turawa waɗannan garuruwa, da yawansu iyalinsu a Sakkwato suke, su je farkon mako su komo ƙarshensa in hanya ta yi kyau, ba kuwa za a zarge su ba; masu hali daga 'yan garin su ma da dama sun yi gida a birni. Waɗanda suka rage su ne irin waɗanda suka rage a gona a zamanin Gobirawa, manomin da ba shi da kuɗin haya, da tsohuwar da ba ta da kowa a birni, da mai lambun da ba ya iya ɗaukar fadamarsa ya tafi da ita, kuma har yanzu su ne ke noma albasa da tafarnuwar da ake lodi a kasuwar Sakkwato.